Gonar Yaya da Ba Ta Shiga Gado Ba

Yayana bai taɓa yin noma ba. A gidanmu na Aujara wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hatta Baba, da yake ba manya karatun littattafai a zaure, idan damina ta faɗi gona yake wuni. Yaya kuwa da sikila aka haife shi. Ruwan sama ya taɓa shi, ciwo ya tashi. Rana ta dake shi, ciwo ya tashi. Don haka idan muka saɓa fartanya muka fita, shi a gida ake barin sa tare da Inna.

Wani kawunmu da ke aiki a Kano ne ya fara kawo masa ƙaramin injin gem, irin wanda ake cusa wa kaset ta sama. Baba bai so ba, amma da ya ga yaron da ya saba kwana yana kuka ya yi shiru ya ƙura wa talabijin ido, sai ya kau da kai. Tun daga nan gem ya zama abin Yaya, kamar yadda wani yake da tattabaru, wani yake da keke.

Da ya girma ya koyi aikin kwamfuta, ya samu aiki a wani shago a Dutse inda ake buga wa mutane takardu, ya kama ɗaki a Yalwawa. Lokacin ina karatu a Kafin Hausa, kuma duk hutu wurinsa nake sauka kafin in wuce gida. A lokacin ya bar kaset, ya koma faifai. Yana da wani tsohon akwatin ƙarfe na Inna da yake jera su a ciki, kowanne cikin gidansa. Duk sanda ya je Kano ganin likita, da wuya ya dawo ba tare da sabon faifai a aljihun rigarsa ba. Ba ya yarda a riƙe faifai ta ciki, sai ta gefe. In wani ya karce, sai ya shafa masa man goge baki ya murza da tsumma mai laushi, ya ɗaga shi saitin taga yana dubawa. Wani lokaci ya yi, wani lokaci bai yi ba, amma ko wanda ya mutu ba ya jefarwa.

Abokansa suna zuwa aro. Kafin ya ba da sai ya juya bayan faifan ya nuna wa mutum, ya ce, "Ka ga dai yadda yake ko?" In an dawo da shi ya sake juyawa. An sha yin fushi da shi a kan wannan. Ni kaina sai da na daɗe kafin ya bar ni in buɗe akwatin ba ya nan. Ƙwallo muka fi bugawa, ni da shi, bayan la'asar in akwai wuta. Yana cin ni kusan kullum, kuma ba ya murna da baki, sai dai ya ajiye fad, wato abin da ake riƙewa a danna, ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ruwansa. Likita ya ce ya yawaita shan ruwa, don haka kullum akwai kofi kusa da shi.

Ya yi aure bayan na gama karatu na samu aiki a Dutse. Matarsa malamar firamare ce, 'yar Kafin Hausa, mace mai sanyin magana. Anti nake ce mata. Suka koma wani gida mai ɗaki biyu da falo, duk dai a Yalwawa, ni kuma na gaji tsohon ɗakinsa. Ba su daɗe da tarewa ba injin gem ɗin ya fara ƙin karanta faifai. Aka kai gyara, ya dawo, ya sake tsayawa. Mai gyaran ya ce idon da ke karanta faifan ne ya mutu, kuma irinsa ya yi wuyar samu. Sabon inji kuwa ya fi ƙarfin mai buga takardu da ke da iyali da kuɗin magani a kansa.

Wani abokin aikinsa ne ya nuna masa ɗaya hanyar. Ba inji, ba faifai. Kana biya duk wata, kamar yadda ake biyan kuɗin tashoshin talabijin, sai a buɗe maka gem iri-iri ka zaɓa. Gem ɗin yana can yana gudana a kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa, hotonsa kawai ake turo maka ta intanet. Abin da kake buƙata shi ne fad, da waya ko talabijin, da sabis mai ƙarfi. Yaya ya sayi 'yar na'urar intanet ya ɗora ta a kan taga, ya yi ta matsar da ita har ya gano kusurwar da sabis ya fi kamawa, ya sa Anti ta yi alkawarin ba za ta taɓa ta ba ko da shara take yi.

Wata Asabar na je na tarar da akwatin ƙarfen a tsakar gida a buɗe, maƙwabta suna zaɓa. Masu kyau samarin layin suka kwashe. Waɗanda suka karce, wani dattijo maƙwabcinsu ya tattara a leda, ya ce zai rataye su a gonar geronsa, ƙyallinsu yana korar tsuntsaye.

Na ce, "Yaya, faifanka ne fa."

Ya ce, "Me zan yi da su? Ba injin da zai karanta."

"Ka ajiye mana. Wata rana ka sayi wani."

"Zo ka gani," ya ce, ya ja ni falo ya kunna talabijin. Hotunan gem ne jere a allo, ya yi ta gangarawa ba su ƙare ba. "Duk wannan nawa ne. Ko shekara nawa zan yi ina zuwa Kano ba zan tara rabinsu ba."

Na ce, "Naka ne, ko nasu?"

Ya yi dariya ya ce, "In dai ina bugawa ai nawa ne." Akwatin kuma Anti ta wanke ta zuba atamfofinta.

Abin bai tafi yadda ya zata ba. Sabis ɗin Dutse ba ya ɗaukar gem mai sauri. Ka danna a buga ƙwallo, sai ɗan wasan ya tsaya kamar yana tunani, kafin ya ɗaga ƙafa an ƙwace. Wani lokaci hoton ya dagule, fuskoki su narke, sai wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa a tsakiyar allo. In hadari ya haɗu kuwa, sai dai a haƙura. Muka gwada ƙwallo na ɗan lokaci, muka bari. Ba mu yi magana a kai ba, kawai dai na daina ɗaukar fad na biyun in na je.

Shi sai ya nemo gem ɗin da ba ya buƙatar sauri. A ciki an ba ka fili ne da 'yar bukka, ka share, ka yi huɗa, ka shuka, ka ba da ruwa, ka girbe, ka sayi dabbobi. Ko ka danna abu ya makara, ba abin da zai lalace. A daidai lokacin ne ƙugunsa ya fara ba shi wahala sosai. Likitoci suka ce ƙashin ne yake cinyewa. Ya fara dogara sanda, sannan ya daina hawa babur, daga baya mai shagon ya riƙa aiko masa da aikin gida. Yawancin yininsa a kan doguwar kujerar falo yake yi, an tokare masa ƙafa da matashi. In ya gama buga takardun mutane, sai ya shiga gonarsa.

Ya fi shekara biyu a kanta. In na je sai ya zagaya da ni: ga alkama, ga kabewa, ga wasu 'ya'yan itatuwa da ba mu san su ba, ga shanu masu dabbare-dabbare, ga rijiyar da ya haƙa, ga rumbun da ya faɗaɗa. Yana jin haushin cewa babu gero babu dawa a cikin irin da suke bayarwa. Akuyoyin ya raɗa musu sunayen akuyoyin Inna. Nakan ce "ya yi kyau," in ci abincin da Anti ta kawo, in tafi.

Ya rasu a ƙarshen wata damina. Ciwon ya tashi kamar yadda ya saba tashi, muka kai shi asibiti kamar yadda muka saba kai shi, aka sa masa ruwa, aka nemi jini na bayar. A karon nan ƙirjinsa ne ya riƙe. Da hantsi ina tsaye a bakin gadon, ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba shi, ta kira likita, likitan ya dafa kafaɗata. Na yi salati domin na san shi ake yi. Na fita na kira Baba, na kira mai mota, na koma na tattara kofinsa da bargonsa da cajar wayarsa. A Aujara aka binne shi. Mutane suna ta yi mini gaisuwa suna cewa na yi ƙoƙari, na yi tawakkali. Ni dai na san ban ji komai ba. Ina jin yunwa in ci abinci, ina jin barci in kwanta. Na yi ta jiran abin ya zo, bai zo ba.

Bayan an share makoki Baba ya zo Dutse tare da kawun nan namu don a raba abin da ya bari. Baba ba ya wasa da gado. Ya sha faɗa wa masu ɗaukar karatu a wurinsa cewa ko allura ce mamaci ya bari, tana da masu ita. Yaya bai bar ɗa ba, kuma kayan ba su da yawa: babur ɗin da ya daina hawa, kwamfutar aikinsa, talabijin, waya, tufafi, da 'yan littattafai. Aka fito da su falo. Anti tana zaune daga bakin ƙofar ɗaki cikin hijabi, ƙanwarta da ta zo taya ta zaman takaba tana gefenta.

Har an kusa gamawa sai Anti ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, akwai gem ɗinsa. Ya daɗe yana biya. Ban sani ba ko shi ma yana ciki."

Baba ya dube ni. Na ɗauko fad ɗin guda biyu na ajiye a gabansa.

Anti ta ce, "Ba waɗannan ba. Na cikin."

Baba ya ce, "Yi mini bayani."

Na ce gem ɗin ba a gidan yake ba, yana wurin kamfanin. Turawa suna cewa yana cikin gajimare, amma kwamfutoci ne a wata ƙasa.

"Ya saya, ko bai saya ba?"

"Bai saya ba, Baba. Kamar haya ce. In an biya a buɗe, in an daina a rufe."

"To abin da yarinyar nan take cewa ya tara a ciki fa?"

"Gona ce ya yi a ciki. Da dabbobi, da rumbu."

Kawu ya yi murmushi, amma Baba bai yi ba. Ya ce, "Wanda ya karɓi hayar gona, ƙasar ba tasa ba ce, amma abin da ya noma nasa ne. Za su ba da abin da ya noma?"

"Ba za su bayar ba."

"Za a iya sayar wa wani?"

"Ba su yarda a sayar ba. Ko sunan ma ba a canzawa."

"A ɗauko shi a ajiye a wani wuri fa?"

"Ba ya ɗaukuwa."

Ya shafa gemunsa. Sannan ya ce wa Kawu abin da ba a mallaka ba ba ya shiga gado, a bar shi. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara naɗe wayar fad ɗin, sai ya ce, "Buɗe in gani."

Anti ta san lambar sirrin. Na kunna, da'irar nan ta yi ta juyawa. Can sai gonar ta fito. Ɗan mutumin da Yaya yake sarrafawa yana tsaye a bakin bukka da butar ban ruwa a hannu, inda ya bar shi. Baba ya sa tabarau, ya matso har gwiwarsa tana taɓa teburin talabijin. Na zagaya da shi kamar yadda Yaya yake zagayawa da ni. Ya ga rijiyar, ya ga rumbun, ya ga akuyoyin. Da na karanta masa sunayensu sai Kawu ya sunkuyar da kai.

Baba ya nuna allon da yatsa ya ce, "Kunyoyin nan, shi ya ja su, ko haka suke zuwa?"

"Shi ya ja su, ɗaya bayan ɗaya."

"Sun miƙe," ya ce. Ya ƙara dubawa. "Kuma ya bar hanya tsakani, yadda mutum zai wuce bai taka shuka ba." Ya cire tabarau ya mayar aljihu, ya nemi buta, ya fita tsakar gida. Lokacin salla bai yi ba. Ya daɗe a wajen, muna jin ƙarar ruwa. Ni ina riƙe da fad, ina kallon yadda sabis ya ragu hoton ya fara dagulewa, abin da nake tunani kawai shi ne ko wani ya taɓa na'urar da ke kan taga.

Talabijin ɗin ya faɗa cikin rabon Anti. Da wata ya kusa ƙarewa ta aiko ƙanwarta ta ce mini, in ba damuwa, kar in bari a rufe gem ɗin. Na ci gaba da biya. Idan na tashi daga aiki nakan biya ta gidan, in gaishe su, ƙanwar ta kunna mini, su koma ɗaki su bar ni a falo. Ban san abin da ake so in yi ba. Sai in buɗe gonar in bar ɗan mutumin a tsaye. A cikin gem ɗin rana tana fitowa ta faɗi cikin ɗan lokaci, don haka ina zaune kwanaki suna wucewa a allo. Shukar da ba a ba ruwa ba ta yi rawaya, ta bushe. Ciyawa ta fito tsakanin kunyoyin. Ina kallo. Na san maɓallin da ake dannawa a ba da ruwa, ban danna ba, kuma ba don wani dalili ba. In aka kira magariba in kashe in tafi masallaci.

Wata rana na zo na tarar an share ciyawar, an sake shuka kabewa, layin ya ɗan karkace. Ƙanwar ta ce Anti ce take koya da rana, in ta idar da azahar. Daga nan na rage zuwa. Ina dai biya, in kira in tambayi lafiyarsu.

Ana saura kaɗan ta fita takaba, ƙanwar ta kira ni ta ce wani rubutu yana fitowa da Turanci duk sanda aka buɗe, Anti ta karanta amma tana so in zo in tabbatar. Na je na duba. Sanarwa ce cewa gem ɗin yana cikin waɗanda za a cire daga jerin a ƙarshen wata. Kamfanin ya ce yarjejeniyarsu da masu shi ta ƙare. Sun yi godiya, sun kuma nuna wasu gem ɗin da suke ganin za mu so.

Anti ta tambaya daga bayan labule, "Haka ne abin da na fahimta?"

Na ce, "Haka ne."

"Ko an biya?"

"Ko an biya."

"Ba wanda za a yi wa magana?"

Na ce akwai wurin da ake rubuta koke, zan rubuta. Na rubuta a wayata a nan inda nake zaune, na ce mai asusun ya rasu, iyalinsa suna so a bar musu abin da ya gina. Amsa ta zo nan take, irin wadda inji yake bayarwa, cewa sun karɓa kuma suna daraja ra'ayina. Wata amsar ba ta biyo baya ba. Abokin aikin Yaya ya ce mini wataƙila in aka sayi gem ɗin daban a wani inji a iya dawo da gonar, wataƙila kuma ba za a iya ba, ya danganta da inda aka adana ta. Na ce zan bincika. Ban san inda zan fara ba, shi ma bai sani ba.

Anti ta ɗauki hotunan allon da wayarta, kusurwa-kusurwa. Ta turo mini. Duk sun yi ratsi-ratsi saboda hasken talabijin. Da wata ya ƙare na je na kunna. Inda hoton gonar yake zama a jerin, wani gem ne na tseren motoci. Na gangara ƙasa, na dawo sama, na rubuta sunan a wurin nema, ba abin da ya fito. Na faɗa mata. Ta ce, "To." Ƙanwar ta kawo mini kunun aya na sha. A ranar na shiga na dakatar da biyan. Sun tambaye ni dalili, suka jero amsoshi in zaɓa, babu wadda ta dace, na zaɓi ta ƙarshe.

Da ta fita takaba 'yan'uwanta suka zo da a-kori-kura daga Kafin Hausa. Ranar aiki ce, na nemi izini na fito da hantsi don in taya su lodi. Muka fitar da gado da katifa da kujeru, muka naɗe talabijin ɗin cikin bargo muka ɗaure shi a tsakiya don kar ya bugu. Mai gidan da suke haya yana tsaye da wani mai fenti, suna duba bango suna maganar wanda zai shigo. Anti ta fito ta yi sallama da matan layin, ta zo inda nake ta ce in gaishe da Inna, in kuma riƙa leƙo su. Na ce in sha Allah. Ta shiga gaba ita da ƙanwarta, motar ta tashi a hankali saboda ramukan layin.

Na miƙa wa mai gidan makulli. Na tsaya a bakin titi na sayi awara, na ci a tsaye a gefen babur ɗina, na goge hannuna. Sannan na koma ofis, domin na ce musu zan dawo kafin azahar, kuma akwai takardun da ake jira in sa wa hannu.